Dunduniyar Na-Tsaye

Shekara goma sha tara ke nan katako ɗaya ne ya raba shagona da nasa. Ni tela ne, shi mai aski. In ya yi atishawa ni ke ce masa sannu, in allurar kekena ta karye shi ke fara yi mini jaje. Duk layin nan Na-Tsaye muke ce masa, saboda daga buɗe shago har rufewa ba ka ganin ya zauna. Ko babu kowa a kujerar aski yana tsaye, ko goge madubi, ko wasa almakashi, ko kuma yana bakin ƙofata yana tsokanata.

"Tela, wata rana kujerar nan sai ta tsiro a jikinka," in ji shi.

"Kai kuma ranar da ta Allah ta kasance, sai dai a haƙa maka rami a tsaye," ni ma in rama.

Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinsu ya rasu. Yayansa, makanikin manyan motoci, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai aski. Maigidan nan mutum ne mai zafi, kullum cewa yake mai askin da ke zama kasuwa yake kora. Maganar ta shiga kan Na-Tsaye ta yi zaune, ita kaɗai ce ma abin da ya taɓa zama a jikinsa. Da almakashin nan ya yi aure, ya kama gida mai ɗaki uku, ya kai tagwayensa mata makaranta har suka gama. Matarsa Uwar Biyu muke ce mata. Duk shekarun nan a kan siminti tsurarsa yake tsayawa, sanye da silifar roba, irin wadda in ka taka tsakuwa da ita za ka iya faɗin launinta.

Shekara uku da suka wuce Yayan nasa ya taka wani ɗan ƙarfe a gareji. Ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da aiki, har ƙafar ta fara wari. Ranar da aka kai shi asibiti likitoci suka ce sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa, kuma Na-Tsaye ne ya sa hannu a takardar. Ni na raka shi. Da aka sallami Yaya, Na-Tsaye ya dawo da shi gidansa, ya ba shi ɗakin baya. Kullum da safe in ya leƙa gaishe shi, abin da yake fara gani shi ne sanduna biyu jingine da bango, da takalmi ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin gado.

Ni na fara gane wani abu ya sami Na-Tsaye, kuma da kunne na gane. Na san takunsa ta bayan katakon nan kamar yadda na san ƙarar kekena. Sai na fara jin ƙafa ɗaya tana sauka, ɗayar tana jan ƙasa. Na tambaye shi, ya ce silifa ce ta tsinke. Bayan mako biyu na zo da sassafe na tarar da shi riƙe da ƙyauren shago, gumi a goshinsa, ƙafar hagu a ɗage kamar zakaran da ya taka garwashi.

"Na-Tsaye, lafiya?"

"Shigo ka turo ƙofar."

Na shiga. Ya rage murya, duk da babu kowa sai mu biyu.

"Dunduniyar hagu ce. Da asuba in na sauko daga gado, takun farko ji nake kamar an kafa mini ƙusa an bi ta da guduma. Sai na dafa bango nake kai wa banɗaki. In na ɗan zazzaga sai ta lafa, in yi aikina. Amma da na kuskura na zauna ko na minti goma ne, ina miƙewa ƙusar za ta dawo."

"To ai sai asibiti."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Ta Yaya ma daga ƙafa ta fara."

"Ta Yaya rauni ne. Kai ina raunin?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Tela. Jini ɗaya. In na je suka ce suga ne fa? Wa zai riƙe gidan? Ka rantse mini maganar nan ba za ta fita daga ɗakin nan ba."

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na rantse. Cikin kurakuran da na yi a rayuwata, wannan yana sahun gaba.

Muka fara namu likitancin. Masu aski sun san guntun gashi kan shige fata ya yi ta suka kamar ƙaya, don haka ya ɗora ƙafar a kan teburin yankana, na ƙona allura na yi ta tonon dunduniyar. Ban samu komai ba sai kaushi. Ya shafa man zafi har idanun masu zuwa aski suna ruwa. Ya gasa ta da ruwan zafi. Ya ninke soso ya cusa a silifa, soson ya riƙa zamewa yana fita. Ya koma shan maganin kashe zafi biyu da safe biyu da rana, har cikinsa ya fara ƙuna. Wata biyar muna haka. Ya rage raha, ya fara yi wa mutane tsawa a kan su daina motsa kai. Ni kuwa ina bayan katako ina jin ƙafar tana ƙara nauyi, bakina a ɗinke.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a ƙarshen layinmu, Baba Mai Agogo. Duk ranar Alhamis yake zuwa a gyara masa gemu, kuma ba ya yarda da kilifa, sai aska. Tun da ya yi ciwon zuciya aka ɗora shi a kan maganin da ke tsinka jini. Na-Tsaye ya san da haka, shi ya sa in yana kansa ko gaisuwa ba ya amsawa.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, kasuwa ta yi sanyi tun safe. Ƙafar ta matsa masa, har na ji abin da ban taɓa ji ba: ya zauna a bencin masu jira. Ya yi kusan rabin awa a zaune. Wajen ƙarfe sha ɗaya Baba ya shigo. Na ji Na-Tsaye ya miƙe, na ji ya ja numfashi ta haƙora. Na ji ya kaɗa kumfa. Daga nan shagon ya yi tsit, sai ɗan sautin aska a kan gemu.

Ina cikin ɗinka hannun wata riga na ji ƙarfe ya faɗi a siminti.

"Tela! Tela!"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na tsallake keken na faɗa shagon. Baba yana kwance a kujera, kumfar da ke ƙarƙashin kunnensa ta zama ja, jini yana bin wuyansa yana shiga farin mayafin aski. Na-Tsaye ya danna auduga a wurin, audugar ta jiƙe, ya sake wata, ita ma ta jiƙe. Yana tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar ko ƙasa ba ta taɓawa.

"Ba ya tsayawa, Tela. Ya ƙi tsayawa!"

Na koma da gudu na yago sabon farin yadi, na ninke shi na danna da tafin hannuna iya ƙarfina. Baba bai yi ihu ba. Idonsa a buɗe, yana kallon silin, leɓensa yana motsi.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji, ɗana. Danna da kyau. Maganin nan ne."

Mai shagon waya da ke gabanmu ya tare mana tasi. Muka sa Baba a baya, ni ina gefensa hannuna a wuyansa, Na-Tsaye a gaba. Kowace danja muka tarar ja ce. Yadin ya jiƙe har ina jin ɗumin jinin a tsakanin yatsuna. Direba yana ta danna ham, Na-Tsaye ya juyo yana kallonmu, bakinsa yana ta maimaita kalma ɗaya, "Baba, Baba," kamar ya manta sauran kalmomin duniya.

Ɗinki huɗu aka yi masa. Ma'aikaciyar jinya ta ce yankan bai kai ga babbar jijiya ba, amma saura ƙiris. Muna zaune a baranda ɗan Baba ya iso, wani ƙaton mutum cikin kayan aikin banki. Bai ko gaishe mu ba ya nufi Na-Tsaye.

"Kai ne? Ka san yana shan maganin jini ka sa masa aska kamar kana fiɗar rago? In hannunka ya tsufa ka rufe shagon mana!"

Na-Tsaye bai ɗago kai ba. Baba ne ya yi magana daga cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙyale shi. Shekara goma sha biyar bai taɓa ko ƙwarzanata ba. Ba hannunsa ba ne. Ina kallonsa a madubi, ya zagayo ya taka ƙafar hagu, sai na ga fuskarsa ta murɗe. Mutumin nan ba shi da lafiya."

Kwana biyu shagon Na-Tsaye yana kulle. A rana ta uku na rufe nawa da hantsi na tafi gidansa. Uwar Biyu ta ce ya shiga ɗaki tun jiya ya ƙi cin abinci. Ban nufi ɗakinsa ba, na wuce ɗakin baya wurin Yaya, na zauna a bakin gado na kwashe komai na faɗa masa, har da rantsuwar.

Yaya ya jawo sandunansa ya buga ɗaya a ƙasa da ƙarfi.

"Uwar Biyu! Kira mini mijinki."

Ya shigo yana ɗingishi. Da ya gan ni ya tsaya cak.

"Tela, haka muka yi da kai?"

"Zauna," in ji Yaya.

"Yaya, ba wani abu ba ne, ɗan..."

"Na ce ka zauna." Ya zauna. Yaya ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya fito da dungulmin. "Dube shi. Kar ka kau da kai, ai kai ka sa hannu. Kana tsammani asibiti ne ya yanke mini ƙafa? Ni na yanke abata. Mako bakwai ina ɗaure ta da tsumma ina cewa gobe za ta warke. Da na je a makon farko da yanzu ina ƙarƙashin mota. Na kai ka ka koyi sana'a, ban kai ka ka koyi wautata ba."

Uwar Biyu tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Wata biyar ina jin ka kana bin bango da asuba, ina yin kamar ina barci. Jira nake ka faɗa mini da bakinka. Ashe tela ya fi ni matsayi."

"Ba haka ba ne, Uwar Biyu."

"To yaya ne? Gobe da safe za mu asibiti. In ka ƙi, in kira 'yan biyu su zo su ɗauke ka."

Washegari mu uku muka tafi. Aka hana shi karyawa saboda gwajin jini. Da mai ɗibar jinin ta fito da allura sai ya rufe ido gam, mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya yana ɗora wa mutane aska a maƙogwaro. Na ce masa wanzami ba ya son jarfa. Ko murmushi bai yi ba, domin tun jiya ba ya kula ni.

Awa biyu muka jira sakamako. Aka wuce da wani a keken marasa lafiya, ƙafarsa naɗe da bandeji, Na-Tsaye ya bi shi da ido har ya ɓace. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe sai ya zabura. Uwar Biyu ta riƙe jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Da aka kira shi ya miƙe, ƙusar ta soke shi, ya dafa kafaɗata ba don yana so ba.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'ya'yansa ba. Ta duba takardar ta ajiye.

"Baba, suganka lafiya lau."

"Ki sake dubawa, 'yata."

"Na duba. Amma tunda yayanka yana da shi, ka riƙa zuwa gwaji duk shekara. Hau gado in ga ƙafar."

Ta kama yatsunsa ta tanƙwara su sama, ta danna babban yatsanta a wani wuri a cikin dunduniyar. Ya yi wata ƙara da ta sa aka leƙo daga waje.

"Nan ne," in ji ta. Ta ce akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya ta bi tafin ƙafa har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar ƙafa. Tsayuwar shekaru a kan siminti ta gajiyar da ita har ta fara tsattsagewa a inda ta kama ƙashi. In mutum ya kwanta ko ya zauna sai ta takure, yana takawa sai ta sake buɗewa.

"Ba za a yanke ba?"

"Ba abin da za a yanke. Ina takalminka?"

Uwar Biyu ta miƙa mata silifar. Likitar ta ninke ta biyu da yatsu biyu kamar takarda, ta jefa ta kwandon shara. Ta ce ya nemi takalmin da ba ya lanƙwasa a tsakiya sai wajen yatsu, mai taurin baya da zai riƙe dunduniya, mai ɗan tudu kaɗan, wanda cikinsa zai tallafi tsakiyar tafin ƙafa. Ko a gida kar ya taka ƙasa ba takalmi. Kafin ya sauko daga gado ya saƙala tawul a tafin ƙafar ya ja yatsun zuwa jikinsa. Da yamma ya murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafar. Ya rage maganin kashe zafin nan kafin ya huda masa ciki. Kuma ya riƙa zama.

"Kwana nawa zan warke?"

"Ba kwana ba ne, Baba. Watanni ne. Wata shida, wani ma ya fi."

Ta ce a sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ran Asabar bayan la'asar muka shiga layin masu takalma. Duk wanda aka miƙo masa sai ya murɗe shi kamar mai matse wanki. Wani ɗan kasuwa ya fizge kayansa ya ce in ba saye za mu yi ba mu bar masa haja. A shago na shida ya ga wani baƙin kambas mai laushi kamar katifa, ya sa ya taka, ya ce duniya sabuwa. Na ce masa yana lanƙwasa a tsakiya. Ya ce ƙafarsa ce ko tawa? Bayan kwana huɗu dunduniyar ta fi da ciwo, har ya ce likitar yarinya ce ba ta san komai ba, watakila gwajin ma kuskure ne. Ranar sai da Yaya ya sake buga sanda.

Muka koma kasuwa. Wannan karon a wurin masu gwanjo muka samu wani mummunan takalmi ruwan toka, mai faɗin baki kamar kwale-kwale. Na murɗa ya ƙi murɗuwa. Bayansa tauri kamar ƙwarya. Sai dai cikinsa a shafe yake, ba ya taɓa tsakiyar ƙafar. Muka kai wa tsohon mai gyaran takalmi da ke ƙarƙashin matattakalar kasuwa. Ya sa Na-Tsaye ya jiƙa ƙafa ya taka kwali, ya daɗe yana kallon sawun.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji shi. Ya yanko roba mai kauri, ya feƙe ta da wuƙa, ya yi mata tudu a tsakiya da ɗan rami a inda dunduniya za ta zauna. Na farko ya yi tudu da yawa har ya tayar masa da bororo. Na biyu ya yi kaɗan. Na uku, bayan mako biyu muna zarya, Na-Tsaye ya sa ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya sake komawa ya dawo. Ni na rufe robar da yadi mai laushi don kada ta ci safa. Da na miƙa masa ya karɓa ya ce, "Ɗinkin ya karkace." Wannan ce maganar kirki ta farko da ya yi mini tun ranar da na karya rantsuwa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Wata na farko ƙusar ta koma ƙaya. A wata na uku akwai safiyar da ya kai banɗaki kafin ya tuna bai dafa bango ba. Ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri kewaye da kujerar aski. Mai walda ya ƙera masa kujera mai tsayi da zai riƙa yin aski a kanta, ta yi mako uku a lungu yana rataye tawul a kanta, kafin Uwar Biyu ta zo shagon da kanta ta tsaya har sai da ya hau. Aska kuwa sai da ya yi wata biyu bai taɓa ta ba, kuma har yau ba ya ɗaukarta sai ya zagaya shagon sau biyu ya ji ƙafar ta saki.

Baba Mai Agogo bai dawo ba. Ɗansa ya saya masa kilifa, a gida ake yi masa. In ya wuce yakan ɗaga hannu, Na-Tsaye ya fito har bakin titi ya gaishe shi, idonsa yana kan tabon da ke ƙarƙashin kunnen. Wasu mutum biyu ko uku ma da suka ji labari sun canza mai aski.

Yau wata takwas ke nan. Ƙafar hagu ta yi shiru, sai ranar da aiki ya yi yawa take ɗan gunaguni. Shekaranjiya Talata da safe na ga ya leƙo shagona sanye da rigar fita, makulli a hannu.

"Tela, ta dama ta fara yi mini wani iri tun ran Lahadi. Zan je yarinyar nan ta duba."

"In rufe in raka ka?"

"Yi zamanka, ai shi ka iya. In mutane sun zo ka ce su dawo bayan azahar."